Tallafin ambaliya: a biya manomi kafin noman rani ya wuce shi

Duk daminar da ruwa ya ci gonaki a Warawa, Wudil ko Ajingi, mun haddace abin da zai biyo baya. Jami'an hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, SEMA da NEMA, su zaga su ɗauki sunaye, manya su je jaje, sai bayan watanni a tara jama'a a sakatariya a raba shinkafa, tabarmi, barguna da kwanon rufi. Wanda ɗakinsa ya rushe, wannan ya yi masa rana. Amma wanda shinkafarsa ta nutse tana dab da yanka, buhu ɗaya ba zai mayar da shi gona ba.

Ba wai ba a fitar da kuɗi ba ne. Bayan ambaliyar 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 17.6, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da biliyan 3 ga kowace jiha. Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Ruwa kan yi ɓarnarsa a Agusta da Satumba. Idan ya janye, fadama na nan da damshinta, kuma wanda ya yi asara yana da dama ɗaya ta farfaɗowa, wato noman rani. Alkama tana son ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba don ta ci sanyin hunturu. Tumatir da albasa su ma suna da nasu lokacin. Tallafin da ya iso a Fabrairu ya tarar an riga an gama. Mai taki ya matsa a kan bashinsa, an sayar da akuya, an jinginar da gona, maigidan yana nan cikin birni yana tura kurar ruwa. Mu kuma da ke Kano sai mu ji a jikinmu idan farashin buhu ya tashi a kasuwar hatsi ta Dawanau.

Sai batun sunaye. Idan bayan ɓarna za a fara rubutawa, ɗan gidan kansila ne zai shiga, mai noman haya ko aro a tsallake shi, alhali shi ya zuba iri da taki, ba mai gonar ba. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka, har da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Me zai hana tun a Mayu dagaci da malamin gona su rubuta wa ke noma wace gona, a liƙa takardar a ƙofar gidan dagaci kowa ya karanta? Ƙarya ba ta kwana a inda maƙwabcin gona zai iya tsayawa ya ce ba haka ba ne.

Wasu za su ce a bar manomi ya yi inshora, tunda gwamnati na ɗauke rabin kuɗin a NAIC, hukumar inshorar noma ta tarayya. To, ƙaramin manomi bai cika haɗuwa da NAIC ba sai in ya ci bashin banki, wasu kuma suna ɗari-ɗari saboda addini, ba a kuma kai musu takaful, wato inshorar Musulunci, ƙauye ba. Kafin a gyara wannan, ya kamata Majalisar Dokokin Kano ta sanya wa'adi a doka: duk manomin da ke cikin rajista kuma aka tabbatar da asararsa, kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa su shiga asusunsa kafin ƙarshen Oktoba.