Kuɗin suna kake biya, ɗan uwa

'Yan uwana matasa, a 2024 wata kotu a birnin Milan na Italiya ta sa wani reshe na kamfanin Dior ƙarƙashin kulawarta, bayan bincike ya gano irin ƙuncin da masu ɗinka masa jakunkuna ke ciki a wasu ƙananan masana'antu. Wasunsu a wurin aikin suke kwana. Ga lissafin da ya fito: jakar da ake haɗa masa a kan Yuro 53, ita yake sayarwa Yuro 2,600 a kantinsa. Ku ɗora kuɗin fata a kai, duk da haka ratar ba ta kusa rufewa ba. Kamfanin tufafin Burberry na Ingila kuwa, a 2018 aka ji ya ƙone kayan da suka haura fam miliyan 28 cikin shekara guda, don kada su yi araha sunan ya zube.

To mu nan fa? Saurayi zai kwashi adashensa, ya ƙara da bashi, ya sayo bel mai tambarin Gucci da takalmin Louis Vuitton don hoton Sallah a Instagram. Abin takaicin ma, yawancinsu jabu ne, 'yan birnin Guangzhou na China. Kafin babbar Sallah fentin ƙarfen ya ɓare, gindin takalmin ya buɗe baki, mai bashi kuma yana sallama a ƙofar gida. 'Yan mata ma ba a bar ku a baya ba: an fitar da anko, sai an nemo jaka "diziner" ko da kuɗin makarantar ƙani ne zai tafi.

Ban ce ado laifi ba ne. Allah Mai kyau ne, Yana son kyau, kuma wanda ya wadata ya ɗinka Getzner ɗinsa, ba ruwana. Amma ayar da ta ce mu yi ado a Suratul A'araf, ita ce ta hana almubazzaranci.

Wani abin kuma, fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a Kano tana cikin waɗanda Turai ke rububi. Ka shiga Kurmi wajen dukawa, ka zaɓi fata da hannunka, a auna ƙafarka. Idan ɗinki ya saki, ka san rumfar da za ka koma.