Kafin a sake sayo wa yaro Flagyl

Jama'a, wannan ɗabi'a ta garzayawa kemis a sayo Flagyl ko kafso duk lokacin da cikin yaro ya yi ƙugi tana damuna ƙwarai, kuma dalilina yana cikin hanjin kansa.

Fatar da ta shimfiɗe cikin hanji layi ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, tana sabunta kanta cikin kwana 3 zuwa 5. A gefe ɗaya akwai bakteriya tiriliyoyi, a ɗaya gefen jini da sojojin garkuwar jiki. Ƙwayoyin fatar nan suna da na'urorin jin ƙamshin bakteriya da ake kira TLR, waɗanda binciken su ya kai Bruce Beutler da Jules Hoffmann ga lambar Nobel a 2011. Da zarar TLR ta ji baƙo, sai ta tashi wani furotin mai suna NF-kB, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin a saki sinadarai irin su TNF. Daga nan kumburi ya fara: jini ya taru, ciwo, zawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne wajen da aka dasa wasu na'urorin. TLR5, mai gane bulalar da bakteriya ke iyo da ita, tana ɓangaren ƙasan fatar ne, wato ta wajen jini. Kamar mai gadin da ba ruwansa da masu wucewa a titi, sai wanda ya haura katanga.

To ga inda Flagyl ya shigo. A 2004 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka share bakteriyar cikin ɓeraye da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sannan suka raunata hanjinsu. Waɗannan ɓerayen suka fi waɗanda ba a share tasu ba galabaita, domin ashe saƙon da bakteriyar kirki ke aika wa TLR shi ke sa fatar ta gyara kanta. Bakteriyar kirkin nan su ne kuma ke narkar da dusar gero, wake da ganye irin zogale da rama su fitar da sinadarin butiret, abincin fatar babban hanji, mai ƙarfafa ƙwayoyin garkuwar da ke lafa kumburi. Idan an kashe bakteriyar kirki, muguwa irin Clostridioides difficile na iya samun fili.

Ba cewa nake maganin ba shi da amfani ba. Atini mai jini da kwalara mai tsanani suna buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, likita ya zaɓi wanda ya dace. Amma yawancin zawon ruwa na yara ƙwayar bairus ce ke kawo shi, irin su rota, kuma Flagyl ba ya taɓa bairus ko kaɗan. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan ita ce ruwan gishiri da sukari, da zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa da ba da abinci.

Masu kemis, don Allah ku riƙa tambaya ko akwai jini a bayan gidan kafin ku miƙa wa uwa kwali.