Kasuwar ruwa a Ostireliya: manomi ya amfana, kogi fa?

A yankin kogunan Murray da Darling na Ostireliya, manomi na iya sayar da kasonsa na ruwan noma kamar yadda ake sayar da buhun hatsi, gonarsa kuma tana nan a hannunsa. Tun 1994 gwamnatocin ƙasar suka amince a raba haƙƙin ruwa da mallakar fili, a 1995 kuma aka ƙayyade yawan ruwan da za a riƙa ja daga kogunan.

Masu yabon tsarin suna cewa shi ke haifar da sabuwar fasaha, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Idan duk ruwan da ka rage kuɗi ne a aljihunka, ba sai an roƙe ka ka shimfiɗa bututun ɗigo a gindin shuka ba, ko ka binne na'urar auna danshin ƙasa. A wasu jihohin yammacin Amurka kuwa, wanda ya daɗe bai yi amfani da kasonsa ba yana iya rasa shi, to wa zai wahalar da kansa da tsimi?

Sai dai yaɗa fasaha daban, ƙirƙirarta daban. Ban ruwa na ɗigo a Isra'ila ya bunƙasa, inda dokar 1959 ta mayar da ruwa mallakar jama'a, can kuma aka kafa Netafim, kamfanin ƙera kayan ban ruwa na ɗigo, a 1965. Ƙarancin ruwa ne ya matsa musu, ba ciniki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ina ruwan da aka rage yake tafiya. A da, manomi ya malale gonarsa, wani kaso ya tsiyaye ya koma kogi ko ya nutse ƙasa, waɗanda ke gaba da shi a gangaren kogin su samu. Yanzu bututu ya hana wannan tsiyaya, rarar kuma an sayar wa mai sabon lambun almond, itacen da ba a tsallake shekara ba a ba shi ruwa ba ko ana fari. A takarda an yi tsimi, a kogi ruwa ya ragu. Shirin gwamnati na 2012 na farfaɗo da kogunan Murray da Darling, na dalar Ostireliya biliyan 13, ya zuba maƙudan kuɗi a gyaran magudanai da kayan ban ruwa, har yau masana na gardama kan yawan ruwan da ya koma kogin a zahiri. A ganina, kafin a ba manomi ladan tsimi, a fara auna abin da gonarsa ke mayarwa, ba abin da take ja kaɗai ba.