Ciwon kan da ya sauko kamar aradu ba na kemis ba ne

A bara wani maƙwabcinmu a nan Gombe, dattijo mai sayar da hatsi, yana cikin ɗaga buhun masara sai ya dafe ƙeya ya durƙusa. Cewa ya yi kamar an rafka masa taɓarya. Ɗansa ya kai shi wani kemis, aka ce hawan jini ne da zazzaɓin cizon sauro, aka yi masa allura, aka haɗa shi da farasitamol. Cikin dare ya yi amai sau biyu. Washegari da na leƙa duba shi na ce, "Baba, yaya ciwon ya fara?" Ya ce, "Ɗana, lokaci guda, ko ƙifta ido ban yi ba." Na ce ya kai haɓarsa ƙirji, ya kasa. Hoton kai da aka yi masa a asibiti ya nuna jini ya malale a kewayen ƙwaƙwalwa. A kwana na uku ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Irin wannan zubar jini tana faruwa ne a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. A wajen kashi 85 cikin 100 na waɗanda ba rauni suka ji ba, wata jijiyar jini ce ta kumbura kamar balam-balam ta fashe. Hawan jini da shan taba na ƙara haɗarin. Abin da ya fi tsorata ni shi ne mutum kan iya shigowa da ƙafafunsa, yana magana garau, alhali jijiyar na iya sake fashewa cikin sa'o'i, kuma fashewa ta biyu ta fi kisa.

Saboda irin waɗannan masu zuwa garau ne Dakta Jeffrey Perry da abokan aikinsa a Kanada suka fito da ƙa'idar Ottawa, wato jerin tambayoyi na tantance wanda ake zargin yana da wannan zubar jinin, wadda mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2013. An yi ta ne don mai shekara 15 zuwa sama, wanda ke cikin hayyacinsa, bai bugu a kai ba, kuma sabon ciwon kai mai tsanani ya kai maƙura cikin awa ɗaya. Ba a amfani da ita ga wanda wani sashen jikinsa ya shanye, ko wanda dama ya saba da irin wannan ciwon. Sai a duba abu shida: ya kai shekara 40? Wuyansa na ciwo ko ya sage? An ga ya suma? Yana aikin ƙarfi ya fara? Nan take ya kai ƙarshen zafinsa? Ya kasa sunkuyar da kai da aka gwada shi? Ɗaya kawai ya isa a zurfafa bincike. Cikin majinyata 2,131 da aka yi nazarin a kansu, 132 suna da zubar jinin, kuma ƙa'idar ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Wasu ma'aikatan lafiya na ƙorafi a kanta, kuma ƙorafinsu na da tushe. Komarta na da faɗi: cikin mutum 100 da ba su da cutar, kusan 85 za ta kama su ma. A ƙasar da majinyaci ke biyan hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, daga aljihunsa, wani sai ya sayar da akuya, wannan ba wasa ba ne. Ga kuma sanƙarau, da ke sage wuya a lokacin zafi. Amma dai ciwon kan da ya kai maƙura cikin awa ɗaya ba shi ne wanda ke cika benci kullum a asibitocinmu ba, kaɗan ne. Mai sanƙarau kuwa shi ma ai ba a kemis ya kamata ya kwana ba.

A ganina mu nan amfaninta ya sha bamban da na Kanada. Can tana taimaka wa likita ya san wanda zai sallama hankali kwance. Mu kuwa za ta gaya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti a Dukku ko Nafada ko Alkaleri wanda zai sa a mota yanzu-yanzu. Lokaci na da muhimmanci ƙwarai: binciken Perry na 2011 ya nuna hoton CT da aka ɗauka cikin awa 6 da fara ciwon, da na'ura ta zamani da ƙwararren mai karantawa, yana gano jinin. Bayan nan jinin na fara gushewa daga hoto, sai an koma ɗiban ruwan ƙashin baya, abin da mutanenmu da yawa ke gudu. Duk daren da aka ɓata a kan allurar zazzaɓi daga cikin waɗannan sa'o'in ake cire shi, ga tazarar hanya zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi.

Ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohin Gombe da Bauchi su rubuta tambayoyin nan da Hausa da Fulatanci a takarda guda, a manna a kowane ƙaramin asibiti, da lambar wayar da za a kira kafin a taso da majinyaci. A koya wa masu kemis ma, tunda wurinsu ake fara zuwa. Dattijon nan namu, tun yana durƙushe a gaban buhunsa ya riga ya cika uku daga cikin shidan.