Agogo mai tsada bai fi na batir riƙe lokaci ba

A majalisun Aboabo da Asawase a Kumasi sau da yawa ana cewa agogon Rolex ko Patek Philippe ba ya kuskuren ko daƙiƙa ɗaya, wai shi ya sa kuɗinsa ya kai na gida. Ba haka ba ne. Agogon batir na teburin kasuwar Kejetia ya fi su riƙe lokaci.

Cikin na batir akwai ɗan ƙanƙanin dutse da ke girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, don haka kuskurensa a wata bai cika wuce daƙiƙa 15 ba. Agogon inji kuwa, irin su Rolex da Patek, naɗaɗɗen ƙarfe ne ke tura haƙoransa, wani ɗan gargare yana kai da komowa, galibi bugu 8 a daƙiƙa. Zafi, maganaɗisu, har yadda ka kwantar da shi da dare, duk suna taɓa tafiyarsa. Hukumar COSC ta Suwizalan tana ba da shaidar inganci ga wanda bai wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko saurin daƙiƙa 6 ba. A yini ɗaya fa!

Abin da masu hali ke saye shi ne dabara, aikin hannu da ƙarancin kayan. Tourbillon, wani keji mai juyawa a cikin agogo da maƙerin agogo Breguet ya yi wa rajista a 1801, don agogon aljihu aka ƙera shi. A hannu amfaninsa kaɗan ne, sai dai kyan kallo. Agogon Grandmaster Chime na Patek da aka yi gwanjonsa a Jeniba a 2019 kan faran na Suwizalan miliyan 31, shi kaɗai a irinsa aka ƙera da ƙarfen da ba ya tsatsa.