Wa Zai Ce Wa Alhaji A'a?

Akwai wani Alhaji da na sani a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja, dilan kwanon rufi ne, mutumin kirki mai riƙon amana. Tun da na san shi zancensa ɗaya ne: ya gaji da sayar da kwanon da wasu suka buga, yana so ya kafa tasa masana'antar a Idu, unguwar masana'antu ta birnin, yadda ko bayan ransa 'ya'yansa za su gaji injina da ma'aikata, ba shago kaɗai ba. Ya sayi fili, ya kewaye shi da katanga, ya sa maigadi. Daga nan kuɗin injin suka fara zirarewa. Wasu suka tafi ginin gidan mai a hanyar Kubwa, wasu suka shiga kamfanin ruwan leda, wasu kuma suka maƙale a wata kwangila da har yau ba a gama biyansa ba. Kowace harka a cikinsu tana da ma'ana in aka dube ta ita kaɗai, amma babu wadda ta kusantar da shi Idu ko da taku ɗaya.

Abin da ke damuna ke nan game da kamfanoninmu. Buri muna da shi, har da yawa. Matsalar ita ce burin a ƙirjin maigida kaɗai yake zaune. Manaja bai taɓa jin sa dalla-dalla ba, akanta bai san inda zai ajiye shi a kasafi ba, yaran shago kuwa cinikin yau kawai suka sani. To da me za su auna sabon aiki idan ya zo? Da riba kawai za su auna shi, riba kuwa tana iya fitowa daga kowace kusurwa, har da wadda za ta ɓatar da kai.

An saba ɗora laifin a kan ma'aikata, a ce ba su fahimci inda aka dosa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A abin da na gani, mafi yawan ayyukan da ke karkatar da kamfani daga bakin maigidan suke fitowa. Ya je ɗaurin aure ranar Asabar, wani aboki ya ba shi labarin ribar da yake samu a harkar filaye, ranar Litinin ya kira manaja ya ce a duba harkar nan. Manaja ya san kuɗin na injin ne, ya san lissafin ba zai fita ba, amma abin da zai ce shi ne, “To, ranka ya daɗe.” An tarbiyyantar da mu a kan kada mu musa wa babba, kuma tarbiyya ce da nake alfahari da ita. Sai dai a harkar jari, wannan shirun yana cin dukiyar wanda ake girmamawa ɗin.

Kowa yana son ya buga misali da Aliko Ɗangote, amma rabin labarin ake ɗauka. Ya fara da fatauci a 1977, yana shigo da kaya irin su sukari da siminti, sannan ya kama alƙibla guda: abin da yake shigowa da shi ya koma yin sa a gida. Daga nan aka samu kamfanin siminti na Obajana a jihar Kogi, har aka kai ga matatar mai ta Legas mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka sanar da shirinta a 2013 aka ƙaddamar a 2023. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya saki a hanya. A 2017 ya sayar da masana'antar taliyarsa ga kamfanin Dufil mai yin Indomie, a 2019 kuma kamfanin fulawarsa ya koma hannun Olam. Wanda ya fi kowa jari a Afirka ma bai yarda ya tauna taura biyu a kowane fanni ba, balle mai shago uku a Dei-Dei.

Wani zai ce ai sai a rubuta burin a takarda, shi ke nan. Mu mazauna Abuja mun san takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Gwamnatin Murtala ta kafa dokar wannan birni a Fabrairun 1976, aka kammala babbar taswirarsa a 1979, aka dawo da fadar gwamnati a Disambar 1991. Taswirar ta ware wuraren shan iska, ta ware hanyoyin magudanar ruwa, ta nuna inda za a zauna da inda za a yi kasuwanci. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya yage ta. Da alfarma aka cinye ta, fuloti ɗaya bayan ɗaya, kowane da sa hannun wani babba da dalilinsa mai daɗin ji. Da Nasir El-Rufai ya zo ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007 ya ce zai maido da ita, sai da katafila, kuma mutane da yawa suka yi asarar gidaje da shaguna. Haka abin yake a kamfani: alfarmar da aka yi cikin minti biyar, gyaranta sai an sallami ma'aikata an karyar da kadara.

Na san akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, farashin injin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabi, kuma mai hankali ba ya zuba dukan jarinsa wuri ɗaya a irin wannan yanayi. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Na yarda. Amma idan gidan mai an buɗe shi ne don ya ciyar da masana'anta, a faɗi haka tun farko, a yanka masa iyakar kuɗin da zai ci, a sa ranar da zai fara mayarwa. Idan kuwa maigida ya fasa masana'antar ne gaba ɗaya, haƙƙinsa ne, amma ya tara mutanensa ya gaya musu. Abin da ke kashe kamfani shi ne a ci gaba da ambaton Idu a baki alhali kuɗi Kubwa suke tafiya.

Shawarata ga masu kamfanoni ba ta da tsada. Maigida ya zauna da manyan ma'aikatansa ya faɗi inda yake son kamfanin ya kai nan da shekara goma, da harshen da suke ciniki da shi, a rubuta a shafi guda, har da harkokin da ba za a shiga ba komai ribarsu. Duk wata uku a ɗauko kowane aiki a tambaya ko yana kai wa can. Mafi wuya kuma, ya zaɓi mutum ɗaya, ko akanta ko tsohon yaronsa da ya yarda da shi, ya ba shi izini a gaban kowa ya tuna masa wannan shafin duk ranar da ya dawo da sabuwar harka, ba tare da tsoron rasa abincinsa ba.

Zuwana na ƙarshe Dei-Dei na tarar da babban ɗan Alhaji, wanda ya gama karatu ya shigo shagon, ya buɗe littafin lissafi a gaban mahaifinsa. Cikin ladabi ya ce, “Baba, in muka sayar da na ruwan nan, kuɗin za su isa kafin alƙalamin injin farko.” Alhaji ya daɗe yana duban littafin, sannan ya ce a kira akanta, su zauna su uku bayan sallar Juma'a.