Kullum ɗin Hajiya da tambayar likita

Shekara tara ke nan ina zaune a arewacin Ingila, kuma cikin ayyukan da nake taɓawa har da tafinta a asibiti idan aka samu mara lafiya da ba ya jin Turanci. Wata Talata aka kira ni saboda wata dattijuwa 'yar Katsina da ta zo wurin ɗanta, gwiwa ta matsa mata. Likitar ta dube ni ta ce in tambaye ta ko ciwon "constant" ne. Na juya na ce, "Hajiya, wai ciwon kullum yana nan?" Ta dafa gwiwar ta ce, "Kullum, ɗan nan. Kullum." Har na buɗe baki zan isar da amsar, sai wani abu ya riƙe ni. Na sake cewa, "Hajiya, yana lafawa ya dawo ne, ko ba ya sakinki ko kaɗan?" Sai ta ce ai da asuba yake tasowa, idan ta ɗan motsa jiki sai ya kwanta.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi kuskuren fassara ba. Kullum ɗinmu ne yake da fuska biyu. Wanda ya ce kullum yana zuwa kasuwa ai ba a kasuwar yake kwana ba. Ita tana nufin babu ranar banza, likita kuwa tana neman sanin ko akwai sa'ar da ciwon yake ɗagawa. Tun ranar na fara kasa kunne ga tarin kalmomin da Turawa suke da su na abin da ya ƙi tsayawa.

A sakandare a Zariya malamin Turancinmu ya ja mana layi biyu a allo, ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya gutsi-gutsi. Miƙaƙƙen shi ne "continuous", abin da ba ya yankewa, kamar kogi. Mai gutsi-gutsin shi ne "continual", abin da yake tafiya yana dawowa, kamar ɗauke wuta. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma har yau ita ce a littattafan koyon rubutu. Tushensu ɗaya ne a Latin, kalma ce mai nufin riƙe abu a haɗe. "Continual" ce babba, tun ƙarni na 14 take cikin Turanci, ta shigo ta hanyar Faransanci, kuma da can ita kaɗai take ɗaukar ma'anonin biyu. Sai a ƙarni na 17 ƙanwarta ta bayyana, daga baya masu gyaran harshe suka raba musu gado.

To amma zama da masu harshen ya nuna mini ba sa tafiya a kan layin malam yadda na zata. A 2020, lokacin korona, hukumar lafiya ta NHS ta sa "new, continuous cough" cikin manyan alamomin cutar. Da ta zo bayani sai ta ce tana nufin mutum ya yi ta tari fiye da awa ɗaya, ko tarin ya taso masa sau uku ko fiye cikin awa 24. Wannan ai layi mai gutsi-gutsi ne, amma suka kira shi da sunan miƙaƙƙe, kuma ƙasa guda ta fahimta. Haka a dokar shige da fice. Lokacin da na nemi izinin zama na dindindin, sharaɗin shi ne "continuous residence" na shekara 5, amma an yarda ka fita ƙasar muddin ba ka wuce kwana 180 ba cikin kowane wata 12. Na san mutanen da suka ƙi zuwa jana'izar 'yan uwa saboda sun ɗauka fita ko sau ɗaya za ta yanke musu lissafi. Abin yana ci mini rai, domin kalma ce kawai ta tsorata su. Idan hukuma ta yi amfani da irin wannan kalma, lambar da ta biyo baya ita ce magana, ita ya kamata mutum ya nema.

Sauran kalmomin kuwa, abin da ya fi raba su shi ne zuciyar mai magana. Maƙwabciyata ta ƙasa ta taɓa turo mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa tana ƙorafin "incessant noise" na guje-gujen yarona. Ƙamus ya ce mini abin da ba ya dainawa. Na so in je in ce mata yaron yana makaranta da rana, ƙarfe takwas kuma ya yi barci. Matata ce ta hana ni, ta ce matar nan ba awoyi take ƙirgawa ba, cewa take yi ta gaji. Gaskiyarta. Da wuya ka ji Bature ya kira abin da yake jin daɗinsa "incessant". Kalmar ta mai ƙosawa ce, irin wanda a wurinmu zai ce abu ya ishe shi kamar cin ƙwan makauniya. "Relentless" ta fi ta nauyi, tana nuna abin ba shi da tausayi, kamar ranar watan Afrilu a Sakkwato. "Persistent" naci ne, abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ya sa masu hasashen yanayi a nan suke kiran ruwan da zai yini yana zuba da ita, likita kuma ya kira tarin da ya wuce mako uku da ita. "Constant" tana iya zama yabo, a ce da aboki mai amana wanda ba ya canzawa, tana iya zama mita idan aka ce ana katse wa mutum magana a kai a kai. "Perpetual" da "eternal" sun leƙa har abada, ta biyun ta fi zama a bakin masu addini.

Akwai ɗaya da nake son mutanenmu su kula da ita, wato "chronic". Da yawa muna ɗaukarta a matsayin ciwo mai tsanani, har hankalin iyali ya tashi. Daɗewa take nufi, daga kalmar Girkanci ta lokaci. Ciwon jiki idan ya haura wata uku ana iya kiransa haka ko da mai sauƙi ne.

Nakan ji wasu 'yan bokonmu suna cewa Hausa ba ta da wannan zurfin. Ban yarda ba ko kusa. Mu ba a sifa muke ajiye bambancin ba, a jikin aikin muke sa shi. Ya kira ni daban, ya kikkira ni daban, yakan kira ni daban, ya yi ta kirana kuma ka ji gajiya a ciki. Ya riƙa zuwa, ya dinga zuwa. Muna da ba fashi, wanda yake ƙirga ranaku, da ba ƙaƙƙautawa, wanda ba ya barin numfashi. Muna da bini-bini mai ɗauke da ƙosawa, da jefi-jefi mai tazara. Idan Inna ta ce mini a waya ana mamako tun daren jiya, ba na bukatar ƙarin bayani, na san ruwan Agusta ne mai zuba a hankali, wanda yake jiƙa katangar ƙasa har ta fara zubewa. Abin da yake damuna shi ne yadda masu fassara labarai suke kwashe duk wannan arziki su zuba a buhu ɗaya, komai ya zama "ci gaba da". Hare-hare suna ci gaba, ruwa yana ci gaba, yajin aiki yana ci gaba. Mai sauraro ba zai san ko harin jiya da yau ne ba, ko na wata-wata.

Ranar nan a asibiti, da na faɗa wa likitar cewa da asuba ciwon yake zuwa, sai ta gyara zama ta ce in tambaya ko gwiwar tana sandarewa da safe, kuma minti nawa take yi kafin ta saki. Hajiya ta ce kafin ta idar da lazimi ta saki. Na ce, "Hajiya, lazimin naki yakan kai kamar minti nawa?" Ta yi shiru tana jan carbin da ke hannunta, sannan ta ce bai kai rabin awa ba. Likitar ta rubuta.